Titin Shanzelize na Birnin Faris da Abubuwan Hawan Jama'a

Gabatarwa

Kowane babban birni yana da titin da ya ke alfahari da shi, inda a ke kai baƙo ya kashe kwarkwatar ido, inda sarauta ke fita ran biki, inda kuma talakawa ke taruwa in abin murna ko na fushi ya samu. A birnin Faris na ƙasar Faransa wannan titi shi ne Shanzelize, wanda Faransawa ke rubutawa Champs-Élysées. Tsawonsa bai cika kilomita 2 ba, faɗinsa kuwa mita 70 ne. Ya taso daga Dandalin Konkod ta gabas, ya miƙe sak yana hawan tudu a hankali, har ya tuƙe ga Ƙofar Cin Nasara ta yamma.

Galibin waɗanda suka rubuta labarin wannan titi sun fi mai da hankali ga gine-ginensa da faretin sojan da a ke yi a kansa. Wannan takarda za ta bi wata tambaya dabam, watau yadda mutane ke isowa wurin, da wanda aka yardar wa ya zo, da wanda ke da ikon buɗe hanya ko rufe ta. Dalili kuwa, tun daga 1900 hanya biyu ce a wurin, ɗaya bisa ɗaya. Ta sama ita ce wadda duniya ta sani. Ta ƙasa ita ce Layi na 1 na jirgin ƙarƙashin ƙasa da a ke kira Metro, wanda ke bin titin daga wannan baki zuwa wancan. In an karanta tarihin ɗaya an bar ɗaya, to, rabin labari aka ji.

Asalin titin

Kafin tsakiyar ƙarni na 17 babu kome a wurin sai fadama da gonakin lambu, a bayan ganuwar birni. A 1564 Sarauniya Catherine de Médicis ta soma gina fadar Tuileries da lambunta. A 1616 wata sarauniyar, Marie de Médicis, ta sa aka yi wata hanya mai itatuwa a gaɓar Kogin Sen domin 'yan sarauta su riƙa shan iska cikin karusai. Sa'an nan wajen 1667, a zamanin Sarki Luwis na 14, sarkin lambunsa André Le Nôtre ya ja layi daga tsakiyar lambun Tuileries zuwa yamma, ya dasa itatuwa jere dama da hagu. Nufinsa in an tsaya a tagar fada ido ya miƙe har inda rana ke faɗuwa, ba abin da ya tare shi.

Ya kamata mai karatu ya lura da wannan asali, gama shi ne tushen abin da zai biyo baya. Sauran titunan tsohon Faris ƙafar mutane ce ta fitar da su, daga gida zuwa kasuwa, daga kasuwa zuwa mashaya. Wannan kuwa an ja shi ne domin idon sarki, ba ya kai mutum ko'ina sai daji. A farkon ƙarni na 18 aka laƙaba masa sunan da ya ke da shi yanzu, an aro shi daga tatsuniyoyin Yunanawan dā, inda ya ke nufin dausayin da rayukan jarumawa ke hutawa bayan mutuwa. A 1724 aka ƙara masa tsawo har kan tudun da daga baya aka kira Etuwal, watau Tauraro, saboda hanyoyin da suka haɗu a wurin. Cikin shekarun 1770 aka sassare kan tudun don karusa ta ji daɗin hawa.

Duk da haka wurin bai yi kyakkyawan suna ba. Da rana akwai masu wasanni da masu sayar da abin sha, da dare kuwa sai ɓarayi da masha'a, har a 1777 aka ajiye 'yan gadi musamman domin tsaronsa. A 1814, bayan an ci Napoliyon da yaƙi, mahayan Rasha suka yi sansani a ƙarƙashin itatuwan, suka bar su a lalace. Gyara na sosai bai samu ba sai bayan 1828, shekarar da Gwamnati ta sallama wa hukumar birnin Faris mallakar wurin bisa sharaɗin ta ƙawata shi. Magini Jacques Hittorff shi ya tsara lambuna da maɓuɓɓugan ruwa da fitilun gas. A 1836 aka gama abubuwa biyu da suka zama iyakokin titin har wa yau: Ƙofar Cin Nasara, wadda Napoliyon ya yi umurnin ginawa tun 1806, da ginshiƙin dutsen nan na Luksor wanda Muhammadu Ali Basha na Masar ya ba Faransa kyauta, aka kafa shi a tsakiyar Dandalin Konkod.

Karusar haya

Birnin Faris shi ya fara gwada karusar haya mai bin hanya ɗaya, a kan lokaci, da kuɗi ƙayyadadde. A watan Maris 1662 masanin lissafi Blaise Pascal da abokansa suka sami izinin sarki, suka fito da karusai masu ɗaukar mutum takwas, kuɗin shiga sol 5. Suna tashi ko sun cika ko ba su cika ba. Amma babbar kotun Faris, sa'ad da za ta tabbatar da izinin, sai ta sa sharaɗi cewa soja da barori da 'yan ƙodago ba za su shiga ba, don kada su takura wa masu hali. Da aka hana mafi yawan masu bukata shiga, ciniki ya yi ta ja da baya, kafin shekara 20 abin ya mutu. Waɗannan karusai ba su bi ta Shanzelize ba, don sa'ad da suka fara ba a ma ja shi ba, amma gardamar da suka tayar, watau wa ya cancanci hawa, ita ce ta yi ta dawowa cikin tarihin titin.

Sai bayan shekara 150 aka sāke gwadawa. A 1828 wani mutum mai suna Stanislas Baudry, wanda ya riga ya jarraba abin a garin Nantes, ya kawo manyan karusan doki Faris. An kira su omnibus, kalmar Latin mai ma'anar "domin kowa". Kamfanoni suka yi yawa, kowa na rububin hanyoyin da ke da riba, unguwannin talakawa kuwa ba mai zuwa. Saboda haka a 1855 hukuma ta haɗe su wuri ɗaya, aka yi kamfani guda mai suna Compagnie générale des omnibus, aka ba shi ikon hanyoyin birni duka shi kaɗai. Kuɗin zama a ciki santim 30 ne, a kan rufi santim 15. Da farko maza kaɗai ke hawa rufin, don da tsani a ke hawansa. Kafin ƙarshen ƙarnin dawakin kamfanin sun haura 10,000, kowanne yana bukatar ci da barga da mai kula.

Haussmann da yammacin birni

Daga 1853 zuwa 1870 Sarki Napoliyon na 3 ya danƙa gyaran Faris a hannun Gwamnan Lardin Sen, Georges-Eugène Haussmann. Shi ya rushe tsofaffin lunguna, ya fasa manyan tituna, ya mai da Etuwal dandali mai hanyoyi 12 da suka fita daga gindin Ƙofar Cin Nasara. Ɗaya daga cikinsu ta nufi Dajin Boulogne, wanda aka mayar wurin shaƙatawa. Daga nan Shanzelize ya zama hanyar da masu dukiya ke bi da la'asar cikin karusansu, su tafi daji su dawo, a gan su, su ga juna. Attajirai suka gina gidaje a bakin titin, ɗaya daga cikinsu, gidan Païva mai lamba 25, yana nan tsaye har yau.

Wannan gyara ya sāke zaman birnin. Rushe-rushen tsakiyar gari ya sa kuɗin haya ya tashi, ma'aikata da yawa suka koma gabas da arewa da bayan gari. A 1860 aka haɗiye ƙauyukan da ke kewaye, gundumomin birni suka tashi daga 12 zuwa 20. Mutanen Faris, waɗanda ba su wuce miliyan 1 da kaɗan ba a tsakiyar ƙarnin, suka kai miliyan 2.7 a 1901. Aiki yana yamma da tsakiya, masu yinsa suna kwana gabas. Kuku da mai wanki da magini da ɗan aike, duk wanda ke hidimar manyan gidajen Shanzelize, sai ya ratsa birni safe da yamma, ko da ƙafa ko a kan rufin omnibus, wanda a cikin cunkoso bai fi mai sauri da ƙafa da wani abin kirki ba.

Akwai kuma jirgin titi, watau tarago mai bin dogo a tsakiyar hanya, wanda a ke kira taram. Wani Bafaranshe, Alphonse Loubat, ya gano shi a Amurka, ya shimfiɗa dogo na farko a gaɓar kogi kusa da Konkod cikin shekarun 1850. Taram ya fi omnibus ɗaukar mutane, don doki ya fi jan nauyi a kan ƙarfe. Amma da lantarki ya zo, hukumar birni ta hana a rataya waya a sararin manyan titunan tsakiyar gari, wai za ta ɓata musu kyau. Dole kamfanoni suka koma ga dabaru masu tsada, waɗansu taragu na tafiya da matsattsiyar iska, waɗansu da batir, waɗansu suna jan wuta daga wata kwata da aka haƙa tsakanin dogo. A nan a ke ganin ra'ayin Le Nôtre yana aiki bayan shekara 200: kyan gani na gaba, ɗaukar jama'a na biye.

Gardamar Gwamnati da birni

London ta buɗe jirgin ƙarƙashin ƙasa tun 1863. Faris ta yi shekara fiye da 30 tana muhawara ba ta haƙa ko taki ɗaya ba. Ruwa ba ya tsami banza. Gwamnatin ƙasa da manyan kamfanonin reluwe suna so a haƙa hanyoyin da za su haɗa manyan tashoshinsu, jiragensu su riƙa ratsa birni daga wannan gefe zuwa wancan. Majalisar birni kuwa ta ƙi. Tana so a yi ƙaramin jirgi na mutanen gari, mai tashoshi kusa da juna, wanda ita za ta mallaka. Tana kuma tsoron in fita bayan gari ta yi sauƙi mutane za su ƙaura, birni ya yi hasarar kuɗin fiton da ya ke karɓa a ƙofofinsa bisa kayan da a ke shigowa da su, wanda ya ke babban abin shigarsa ne a lokacin.

Abin da ya raba gardama shi ne babban bajekolin duniya da aka shirya yi a Faris a 1900. Kowa ya san omnibus ba zai iya da baƙin da za su zo ba. A 1895 Gwamnati ta sakar wa birni, aka kafa doka ran 30 ga Maris 1898. Majalisar birni ta so dogon ya zama siriri, na mita 1. Gwamnati ta ce sai dai a yi shi daidai da na sauran ƙasa. Birni ya yarda da wannan, amma ya haƙa ramukan matsattsu, faɗin taragu mita 2.40 kawai, yadda jirgin reluwe ba zai taɓa shiga ba. Har yanzu kuma Metro na bin hannun dama, alhali kuwa jiragen reluwe a yawancin Faransa hagu su ke bi. Aka raba aiki biyu: birni ya haƙa ramuka da kuɗinsa, wani kamfani da ke ƙarƙashin Édouard Empain, attajirin Beljiyam, ya shimfiɗa dogo ya kawo taragu ya gudanar da su.

Layi na 1

Injiniyan da aka ba aikin shi ne Fulgence Bienvenüe, mutumin Bretagne, wanda ya rasa hannunsa na hagu cikin haɗarin aikin reluwe a 1881. Bisa dokar Faransa mai fili shi ke da abin da ke ƙarƙashin filinsa, don haka in rami ya bi ƙarƙashin gidaje sai an biya diyya. Hanyar tsira daga wannan ita ce a bi ƙarƙashin tituna, waɗanda su ke mallakar birni. To, a duk Faris babu miƙaƙƙiyar hanya daga gabas zuwa yamma kamar wadda ta bi titin Rivoli, ta ratsa Konkod, ta hau Shanzelize, ta gangara ƙofar Maillot. Ta haka layin da aka ja domin sarki ya more kallo ya zama shi ne mafi araha wurin haƙa hanyar talakawa. Ramin kuma bai yi zurfi ba, 'yan matakala kaɗan ne daga titi zuwa dandamalin jirgi.

An fara aiki a ƙarshen 1898, aka buɗe ran 19 ga Yuli 1900, daga ƙofar Vincennes ta gabas zuwa ƙofar Maillot ta yamma, wajen kilomita 10. Ranar buɗewa tashoshi 8 ne kaɗai suka gamu, cikinsu har da ta Shanzelize, wadda ke bakin sababbin zaurukan bajekoli, Grand Palais da Petit Palais. Sauran 10 suka biyo baya cikin Agusta da Satumba. Jiragen farko na katako ne, tarago uku uku. Kuɗin aji na ɗaya santim 25, aji na biyu santim 15, akwai kuma tikitin zuwa da dawowa na santim 20 ga mai tafiya da sassafe, wanda aka yi domin ma'aikata. Tafiyar da ke cin fiye da sa'a guda a omnibus ta koma wajen rabin sa'a. Kafin shekarar ta ƙare an ɗauki mutum fiye da miliyan 15.

Ba a rasa masifu ba. Ran 10 ga Agusta 1903 wuta ta kama wani jirgi a Layi na 2, hayaƙi ya cika tashar Couronnes, fitilu suka mutu, mutum 84 suka halaka. Bayan wannan aka raba wayar fitilu da ta jirgi, aka gyara ƙofofin fita, a hankali kuma ƙarfe ya maye gurbin katako. A Janairu 1910 Kogin Sen ya yi ambaliya, ruwa ya shiga ramuka, zirga-zirga ta tsaya a mafi yawan layuka har makonni.

Tashoshi biyar ne ke ƙarƙashin titin da bakunansa, sunayensu kuma tarihin ƙarni na 20 ne a taƙaice. Ta farko Konkod. Ta biyu aka ƙara mata sunan Clemenceau a 1931, watau Firayim Ministan da ya kai Faransa ga nasara a 1918. Ta uku dā Marbeuf ce, a 1946 ta koma Franklin D. Roosevelt, shugaban Amurka. Ta huɗu dā Alma ce, a 1920 aka sa mata sunan Sarkin Ingila George na 5. Ta biyar, Etuwal, aka haɗa ta da sunan Janar de Gaulle a 1970, shekarar rasuwarsa.

Zuwan mota

Da jama'a suka koma ƙasa, saman titi ya zama na mota. Bas mai inji ya fara aiki a Faris a 1906, omnibus na doki ya yi tafiyarsa ta ƙarshe a Janairu 1913. A 1907 aka kafa doka a Etuwal cewa kowane abin hawa ya kewaya dandalin ta fuska ɗaya, bisa shawarar Eugène Hénard, wannan kuwa yana cikin shataletalen farko a duniya. Masu ƙera karusai da ke unguwar suka ba da wuri ga masu ƙera motoci, kamfanonin Renault da Citroën suka buɗe zaurukan nuna hajarsu a bakin titin. Gidajen attajirai suka zama kantuna da otal-otal da gidajen silima.

A 1921 aka haɗa bas da taram na lardin duka a hannun kamfani ɗaya. Masu mota suka yi ta kuka cewa taram na tare musu hanya, hukuma ta saurare su. A 1937 taram na ƙarshe ya bar cikin Faris, a 1938 ya bar bayan gari, aka tumɓuke dogon da ya ke yana cikin mafi yawa a Turai. Layi na 1 kuwa a wannan lokaci ne ya fara ƙetare iyakar da majalisar birni ta yi masa, ya kai Château de Vincennes a 1934, ya kai gadar Neuilly a 1937.

Yaƙin Duniya na Biyu ya nuna wace hanya ce birnin ya dogara da ita. Jamusawa suka shiga Faris ran 14 ga Yuni 1940, sojansu suka riƙa fareti a Shanzelize. Man fetur ya yi wuya, motoci suka ɓace, bas ya ragu ƙwarai, sai keke da Metro. Mai kuɗi da matalauci suka matsu cikin tarago ɗaya, sai dai daga 1942 an tilasta wa Yahudawa shiga taragon ƙarshe kaɗai. A 1946 Metro ya ɗauki mutum fiye da miliyan 1,500 cikin shekara guda. Ran 1 ga Janairu 1949 aka danƙa Metro da bas duka ga hukumar Gwamnati mai suna RATP, zamanin kamfanonin 'yan kasuwa ya wuce.

Wanda aka bari ya hau titi

Tun da titin ya zama wurin da ƙasa ke nuna kanta, zaɓen wanda zai taka shi ran biki magana ce ta siyasa. Sojan ƙasashen da Faransa ke mulka suna cikin faretin nasara na 14 ga Yuli 1919. Amma ran 26 ga Agusta 1944, sa'ad da de Gaulle ya gangaro daga Ƙofar Cin Nasara da ƙafa cikin taron jama'a, labari ya bambanta. Rundunar Janar Leclerc da ta shiga Faris asalinta daga Cadi ta taso, baƙaƙen soja ne suka fi yawa cikinta sa'ad da ta ci Kufra a 1941. Da aka mai da ita rundunar tankoki a 1943 sai aka fitar da su, ba su ga ranar da suka share wa hanya ba. Sai a 14 ga Yuli 2010, shekara 50 bayan samun mulkin kai, sojan ƙasashen Afirka 13, har da Nijar da Cadi da Kamaru, suka yi fareti a titin, kowace ƙasa da tutarta.

Metro ya ba talakan bayan gari ikon isa tsakiyar Shanzelize cikin mintoci, amma ya kuma ba hukuma 'yan ƙofofi ƙanƙana da za ta iya tsarewa. Daren 17 ga Oktoba 1961, cikin yaƙin neman 'yancin Aljeriya, dubban Aljeriyawa ma'aikata suka taso daga unguwannin bayan gari don nuna ƙin dokar hana fitar dare da shugaban 'yan sandan Faris, Maurice Papon, ya sa musu. Da yawa ta Metro suka zo. 'Yan sanda suka jira su a bakin matakalar Etuwal da Konkod da sauran tashoshi, suka yi ta duka da kamu. Aka karɓi bas-bas na RATP aka yi jigilar waɗanda aka kama, fiye da mutum 10,000, zuwa wuraren tsarewa. An kashe mutane da dama, an jefa waɗansu cikin Kogin Sen. Shekaru da yawa hukuma ba ta amsa ba, sai a 2012 Shugaba François Hollande ya yarda a fili cewa an yi kisan. A zamanin baya ma, kamar lokacin zanga-zangar masu rawayar riga a ƙarshen 2018, matakin farko da 'yan sanda kan ɗauka shi ne su sa a rufe tashoshin da ke ƙarƙashin titin, jirgi ya wuce bai tsaya ba.

Daga 1960 zuwa yau

Cunkoson Layi na 1 ya sa aka yi ta neman dabara. A 1963 da 1964 aka sa masa jirage masu ƙafafun roba, waɗanda suka fi saurin tashi da tsayawa, aka ƙara tsawon dandamali don jirgi ya ja tarago shida. Sa'an nan aka dawo ga shawarar da majalisar birni ta ƙi a ƙarni na 19, watau babban jirgi mai ratsa gari zuwa bayan gari. Wannan shi ne RER. A 1970 ya haɗa Etuwal da sabuwar unguwar ofisoshi ta La Défense, a Disamba 1977 aka haɗa reshen yamma da na gabas a Châtelet. A 1991 aka soke aji na ɗaya a Metro, a 1992 Layi na 1 ya kai La Défense shi ma. Yanzu tsawonsa ya haura kilomita 16, tashoshinsa 25. Tsakanin 2011 da 2013 aka mai da shi mai tuƙa kansa ba direba, bayan an sa ƙofofin gilashi a bakin dandamali, ba tare da an rufe layin ba. A ƙarƙashin Shanzelize yana gamuwa da layi na 8 da na 12 a Konkod, na 13 a Clemenceau, na 9 a Roosevelt, na 2 da na 6 da RER a Etuwal. A sama kuwa bas mai lamba 73 na bin titin.

A bisa ma ra'ayi ya juya. A 1994 aka kawar da ƙananan hanyoyin gefe inda motoci ke tsayawa, aka faɗaɗa wurin masu tafiya da ƙafa, aka dasa sabon jerin itatuwa, aka mai da ma'ajiyar motoci ƙarƙashin ƙasa. Taram da aka kora a 1937 ya dawo bayan gari a 1992, ya shigo gefen birni a 2006. Daga 2016 aka soma hana mota bin Shanzelize ran Lahadin farko ta wata. Sarki goma, zamani goma.

Kammalawa

Abu uku ne wannan tarihi ya nuna. Na farko, siffar da aka ba hanya tun farko takan daɗe fiye da dalilin da ya sa aka ba ta: fadar Tuileries ta ƙone a 1871, aka rushe kangonta, amma layin da aka ja daga tagarta shi jirgi ke bi har La Défense. Na biyu, girman rami da faɗin tarago da kuɗin tikiti ba injiniya kaɗai ke yanke su ba, sun fito ne daga jayayyar masu iko a kan haraji da mulki, mutanen bayan garin Faris kuwa sun yi shekara 70 suna ɗanɗana sakamakon matsattsun ramukan 1898 kafin RER ya zo. Na uku, kowane zamani da amsar da ya ba tambayar da kotun Faris ta tayar a 1662. An hana ɗan ƙodago shiga karusa, an raba omnibus ciki da rufi, an raba Metro aji biyu, an ware taragon ƙarshe, an tsare bakin matakala. Mai nazarin kowane birni, in ya ga titin da a ke taƙama da shi, yana da amfani ya bincika inda masu share shi da masu tsaron kantunansa ke kwana, da abin da su ke hawa su zo, da nawa su ke biya, da wanda ke riƙe da mabuɗin tasha.